Tsayuwar Merv a Kan Ruwa

Tun da Merv Tuckwell ya faɗi a banɗaki ya fasa goshi, 'yarsa Narelle ta kafa masa ƙahon zuƙa sai ya tattara ya koma wajenta a Brisbane. Har ɗaki ta share masa. Shi kuwa ya tsani ɗakin tun bai gan shi ba.

"Ni da nake kamun kifi a tsaye cikin kwalekwalen kayak, ni za a ce ban iya tsayuwa ba?" in ji shi. "Santsin sabulu ne kawai."

"To, Baba, sai na gani da idona. Ka je ka dawo a bushe, ni kuma na bar maganar."

Ranar Asabar da hantsi ta zauna a bakin ruwan Tin Can Bay da kofin shayinta. Merv ya tura kayak ɗinsa, ɗan kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya, wanda ko atishawa ba ya yafewa. Da ya ɗan yi nisa sai ya ja igiyar da ya ɗaure a goshin jirgin, ya miƙe. Ya ware ƙafafu, ya saki gwiwa, ya kafa ido a kan bishiyoyin tsallake, don mai kallon ƙafarsa shi ke shan ruwan gishiri. 

Ya jefa fatsa. Ɗan ƙaramin kifi yake so, ya ɗaga mata ta gani, a tashi. Abin da ya zo kuwa uwar kifi ce mai faffaɗan kai, tsawonta ya kai ƙafarsa, irin wadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema, ya kuma sha cika baki a mashaya cewa ya kama ta. Ta ja, kayak ya bi ta. Ya yi ta lallaɓa ta har ta gaji ta zo gefensa ta kwanta. Saura kawai ya sunkuya ya kwaso ta da koma.

Yana sunkuyar da kai bishiyoyin suka juya, daidai yadda bangon banɗaki ya juya masa ran nan. Tsoro ya kama shi. Ya ɗago a hankali, ya lalubi almakashin da ke rataye a wuyansa, ya datse zaren. Uwar kifin ta yi jim kamar ba ta yarda ba, sannan ta kama gabanta.

Ya dawo gaɓa ko ɗigon ruwa babu a rigarsa.

"Kin gani ko? Zare ne ya tsinke. Zaren yanzu duk na banza ne."

Narelle ta kama bakin zaren ta duba. A jirginsa ta girma, ta san tsinkewa, ta san yankan almakashi. Ta kuma san ubanta: da idonta ta taɓa ganin ya faɗa ruwa da takalmi da agogo a kan kifin da bai kai rabin wannan ba.

"Ka dawo a bushe," ta ce. "Na bar maganar."

Merv ya jira murna ta zo, ba ta zo ba. Narelle ta ja kayak ɗin sama ita kaɗai, ta ɗaure shi a kan mota, duk ba ta dube shi ba. Shi kuwa yana tsaye, ya dogara da filafili.

"Ke 'yar nan," ya ce. "Ɗakin naki, sai an hau bene?"

"A ƙasa yake, Baba."