Jan Kati

Shiori Kuramoto ta durƙusa a bakin gonar shayi, ta kama hannun tsohuwar, ta danna farcenta ta saki. Farcen ya daɗe fari fat kafin jini ya dawo. A bayanta bas ɗin da ta ɗauko tsofaffin ƙauye zuwa wankan ruwan zafi tana kwance a gefe, gilasai sun watse a kan kwalta.

"Kaka, ina ne ke miki ciwo?"

"Babu komai, 'yata. Ki je wajen wasu. Mun ɗora muku wahala da ranar hutu."

Numfashinta sama-sama yake, cikinta ya yi tauri kamar katako. Shiori ta ɗaura mata kati a hannun dama, ta yage kore, ta yage rawaya, ta bar ja a ƙasa. Haka aikin yake: kore ga mai iya tafiya, rawaya ga wanda zai iya jira, ja ga wanda jira zai kashe, baƙi ga wanda ya riga ya tafi. Shugaba Hamabe ne ya koya mata tun tana sabuwa a aikin motar asibiti. Kullum cewa yake kati ba shi da dangi.

"Sunanki fa, Kaka?"

"Tomie. Ki ga takalmina ɗaya ya ɓace. Abokiyar tsegumina Sadako za ta yi ta dariya."

"Sadako ta samu kore, tana can zaune tana zagin direba."

"To lafiyarta ƙalau ke nan."

Hanyar dutsen ƙunci gare ta. Motocin asibiti biyu sun riga sun sauka da masu jan kati, saura ɗaya, mai gado ɗaya. Wadda za ta zo daga birni kuwa da sauranta. Shiori ta miƙe ta ɗaga hannu a kawo gado.

Sai ta ga gadon ya wuce ta, da mutum a kai. Direban bas ɗin ne, Naoto, mijin 'yar Shugaba. Ita da kanta ta duba shi ɗazu: ƙafa ce ta karye, jini ya tsaya, yana magana sarai. Rawaya ta bar masa. Yanzu katin da ke lilo a hannunsa ja ne.

Ta bi gadon da sauri.

"Shugaba, wannan rawaya ne. Akwai ja a can, cikinta na zubar da jini."

Hamabe bai dube ta ba. "Na sake duba shi, ya canza."

"Baba, ni zan iya jira," in ji Naoto daga kan gado.

"Rufe bakinka." Ya juya wajenta, ya rage murya. "Kuramoto, koma wajen aikinki. Kin san cikin 'yata wata nawa ne."

Abokan aikin biyu da ke riƙe da gadon suka sunkuyar da kai. Shiori ta buɗe baki. Ba ta taɓa musa wa mutumin nan ba, ko a kan wurin ajiye bandeji. Shi ya tsaya mata ranar da ta suma a wajen hatsarin farko da aka tura ta, ya ce wa kowa zafin rana ne. Kafin ta haɗa maganar an rufe ƙofa, motar ta sauka da jiniya.

Ta koma ta lulluɓe Tomie da bargo, ta ɗaga mata ƙafafu.

"Sun ɗauki yaron? Madalla. Shi ne mai sauran kwana a gaba."

"Taki motar na hanya, Kaka."

"Kada ki tsaya a kaina, ba ki ci abincin rana ba. Akwai curin shinkafa a jakata, da tsami a ciki."

Can sai ga Hamabe da jakar kayan aiki. Ya durƙusa, ya sanya wa tsohuwar abin shaƙar iska, ya gyara mata kai. Tomie ta yi ƙoƙarin sunkuyar da kai daga kwance.

"Na gode, Shugaba. Ku yi haƙuri da mu."

Da ya sunkuya, Shiori ta ga bakin takarda rawaya ta leƙo daga aljihun ƙirjinsa.

Hannun Tomie ya yi ta sanyi a cikin nata. Da numfashin ya ɗauke, suka yi ta danna ƙirjinta, shi ya gaji ita ta karɓa, ita ta gaji shi ya karɓa. Sadako ta daina zagi, ta rarrafo kusa riƙe da takalmin da ya ɓace. Ana jin jiniya daga nesa, tana hawowa a hankali, lokacin da Hamabe ya janye hannunsa ya zauna a ƙasa.

"Kuramoto," ya ce. "Gyara katin."

Shiori ta dubi jan da ya rage, wanda in an yage shi sai baƙi. Ta ɗaga hannun tsohuwar a hankali, ta ɗora shi a kan gwiwarsa.

"Kai ka yage, Shugaba," ta ce. "Ka haɗa da na aljihunka."