Yankan Kilishi, Dahuwar Japan

Tun da haƙoran Baba Sajo suka zube ya daina cin nama. Mutumin da ya tashi a bayan shanu kafin ya zauna noma a Lakwaya, sai ga shi yana cewa wai nama ya fita daga ransa. Kowa a gidan ya san ba haka ba ne. Aka yi masa dambun nama, ya ce shi ba jariri ba ne da za a tauna masa. Aka dafa har ya yi luguf, ya ce tsumma aka kawo masa. Sai ramewa yake yi, riga tana yi masa yawa, abin kuwa yana damun jikarsa Zinnira ƙwarai.

Wanta Muzammil, wanda ke karatun noman shinkafa a Japan, shi ya nuna mata wani girki ta waya, wai shi sukiyaki. Tukunya a tsakiyar masu ci, romo yana tafasa, a yanka naman sa fale-fale, a tsoma, a cire, a ci nan take. Ya ce har giyar shinkafa suke zubawa. Zinnira ta ce wannan kam ta bar musu kayansu, amma naman ya zauna mata a rai.

Ranar kasuwa ta shiga Gwarzo, ta wuce mahauta ta nufi rumfar Salisu mai kilishi. Ta ce ya yanka mata irin yankansa, a gicciye, amma kada ya shanya, kada ya sa labu. Salisu ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin mai sayen kilishi tun yana ɗanye ba, ya dai wasa wuƙa ya yi mata. Ta haɗo da awara da kabeji da albasa mai lawashi. Baƙin ruwan waken suya kuwa, mai gishirin nan, tuni an sayo mata a Kano.

Mahaifiyarta, Inna Asta, ta ga ana zuba sukari a romon nama, ta yi salati. Zinnira na juya baya, Inna ta ɗauki faranti za ta juye naman duka a tukunya ta rufe, don a wurinta nama bai dahu ba sai ya ci itace. Da kyar Zinnira ta ƙwace. Ta kuma roƙe ta ta shige ɗaki, tunda Baba ba zai taɓa motsa baki a gaban surukarsa ba.

Bayan la'asar ta kinkimi kurfoti ta dire a ƙofar ɗakin tsohon.

"Amarya, yau kuma a kaina za ki kafa murhu?" in ji shi.

Ta narka kitse, ta zuba romo, ta jera awara da ganye. Ƙamshi ya tashi. Ta tsoma yanka ɗaya, launinsa na juyawa ta tsamo ta sa masa a kwano. Ya leƙa, ya ce ɗanye ne, ya kau da kai. Ta ɗauka ta cinye, ta tsoma wani.

"Ango, in ba ka ci ba zan kai wa Malam Lukuman. Dama ya daɗe yana so in rabu da kai."

Ya ce Lukuman ɗin me, tsohon da ko sanda ba ya iya riƙewa. Ya miƙa hannu kamar dole aka yi masa, ya kai baki. Zinnira ta sunkuyar da kai tana fifita gawayi, don kada ya ga tana kallonsa. Naman ya narke masa ba tare da wahala ba. Ya haɗiye, sannan ya turo kwanon gabanta. Ta ƙara. Ya sake turowa. Can ya karɓe cokalin da ke hannunta ya shiga tsomawa da kansa, ya ce ita tana barinsa ya wuce lokaci. Daɗi ya cika ta har ta ji ƙwalla, ta ɗora laifin a kan hayaƙi.

Sai da farantin ya kusa ƙarewa ya goge gemu, ya ɗaga yanka ɗaya ya duba.

"Wannan tsohuwar saniya ce, an cuce ki. Kasuwa mai zuwa da ni za a je, in zaɓa da kaina."