Karan da Baba Jabiru Ya Kafa

Shekara arba'in Baba Jabiru yana kafa kara a bakin tafki, ya yi masa tsaga-tsaga da wuƙa. Da shi yake gane zuwan baƙin ruwa, cikar nan da ke gangarowa daga nesa da rani, ba hadari ba yayyafi. Ya ce wa masunta su janye bukkokinsu, su yi dariya. Bayan mako guda su kwashi tabarmi sharkaf.

Yau ga shi gaban Likita Yasira a Yelwa, tana duba takardar awonsa.

"Baba, hantarka ta taurare, jini ba ya ratsa ta, sai ya koma baya. Saifarka ta girma, ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun ragu. Alama ce jijiyoyin maƙoshinka na kumbura. In suka fashe, aman jini ne. Ka tafi Sakkwato a zura maka na'ura ta baki a duba, tun da sauran lokaci."

"Haba Likita! Ni da na ja taru jiya? Ko ƙaiƙayi ban ji a wuya ba."

"Ba a ji, Baba. Kuma sai da ɗan rakiya ake yi."

Nan maganar ta soke shi. Wane ɗan rakiya? Matarsa ta rasu bara. 'Yarsa tilo, Zulaihatu, tana aure a Ngaski da tsohon ciki. Mijinta kuwa suruki ne, ko ido ba su haɗawa, balle ya gan shi kwance baki buɗe. Ya ninke takardar ya cusa a hula, yana cewa a ransa karatu ne ya yi wa yarinyar yawa.

Da la'asar ya sauka bakin ruwa. Sama fes. Karan kuwa, ruwa ya haye tsaga biyu.

"Nasiru!" ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira. "Janye bukkarka, ruwa na tafe!"

"Kai Baba, ka faye tsoro! Dubi sama mana!"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna amsar da shi ma ya ba Likita. Ya daɗe tsaye shi kaɗai, tsoro da kewa suka cika shi. Can ya cire hula, ya zaro takardar, ya lalubo wayarsa.

"Baba?" in ji Zulaihatu. "Lafiya?"

"Lafiya lau." Ya dubi karan. "A'a, ba lafiya ba. Mijinki na kusa?"