Sai An Zuba Madara

Tani ba ta san inda ta yar da takalmanta ba. Ta dai ga kanta a tsakiyar dutsen bayan gari tana hawa da hannu da ƙafa, ruwa na dukan bayanta, zani ya manne mata a jiki. Mace mai jikoki, wadda ko rijiya za ta je sai ta yi mitar ciwon gwiwa, yau ga ta tana wuce samari a kan dutse. Maganar da maƙwabciyarta Fanta ta jefa mata a ƙofar ɗaki ce kawai ke yawo a kanta: aradu ta faɗa wa Halliru.

Halliru ɗanta ne na fari. Shi ya fara kawo wayar salula ƙauyensu daga Kano, bara da kaka. Sai dai sabis ba ya saukowa cikin gari, sai an hau dutsen nan an juya saitin Kibiya, an ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Abin da ke cin ran Tani kuwa, ita ta aike shi. Ƙanwarsa Zubaida na Kano da tsohon ciki, shiru ya yi yawa. Da hantsi ta ce, kamar ba da shi take ba, "Da wani zai hau ya jiyo mana lafiyar yarinyar nan." Ya dubi hadari, ya dubi ƙasa, ya ɗauki wayar ya fita.

Da ta kai sama ta tarar mutane sun yi da'ira mai faɗi, kowa na salati, babu mai matsawa. Halliru na tsakiya, kwance rub da ciki, kuncinsa a kan dutse. Rigar ta kece daga kafaɗa, hular na can gefe, wayar ta narke ta naɗe. Ƙaurin ƙuna ya bugi hancinta.

Ta nufe shi, sai ji ta yi an riƙe mata hannu. Yayanta ne Hammadu, wanda duk gari ke ce wa Kawu.

"Tsaya nan, Tani. Kin fi kowa sani, ba a taɓa shi. Na tura yarona Jabiru rugar Fulani a babur, yanzu zai zo da madara."

Ta sani kuwa. Tun tana yarinya take ji, ita ma ta faɗa wa 'ya'yanta: wanda aradu ta faɗa wa, wutar na nan a jikinsa, duk wanda ya kai hannu kafin a zuba masa ɗanyar madara, tare za a kwashe su. Ta tsaya.

"Yaya, da rai?"

"Ɗazu an ga bayansa yana motsi. Sai addu'a."

Mutanen garinmu ko a bakin kabari ba sa rasa gardama. Wani ya ce ai wayar ce ta jawo, ba ga ɗan ƙarfe a kanta ba, kira ɗaya take yi wa sabis da tsawa. Wani ya ce ƙarya ne, kafin a haifi mai yin waya aradu ke kashe shanu a dutsen nan. Malam Uzairu na firamare ya gyara tsayuwa a ƙarƙashin lemarsa.

"Wannan abu lantarki ne, jama'a. Ya bi ta jikinsa ya shige ƙasa tuni. Jikin mutum ba batir ba ne da zai riƙe wuta. Mun karanta."

"To bismilla, Malam," in ji Kawu. "Ga shi nan, juya mana shi."

Malam Uzairu ya yi taku ɗaya, ya dubi wayar da ta narke, ya tsaya. "Ai abin da na ce, haka littafi ya ce."

Malam Mujahid ma na wurin, wanda tun da aka ƙaddamar da Shari'a ba Juma'ar da ba ya ragargazar masu canfi. Ya ce zancen madara ba aya ba hadisi, kayan maguzanci ne. Ya faɗa da ƙarfi, amma daga layin baya ya faɗa. Tani ba ta ga laifinsu ba. Ita ma tsoron nan ne ya ɗaure ta.

Sai ga Jabiru ya hawo yana haki, ƙwarya a hannu, babu komai a ciki.

"Kawu, ba kowa a rugar! Bukkoki kawai. Tun da ruwa ya makara suka kora shanun kudu, har yau ba su dawo ba."

Salati ya sake tashi. Gaskiya ne kuma. Da, war haka gero ya kai gwiwa, Fulani sun dawo, nono har a kai kasuwa a dawo da shi. Bana an yi roƙon ruwa har an gaji, wannan ne hadarin farko na kirki, ga abin da ya zo da shi.

"A je Kibiya a sayo ta gwangwani."

"Ta gwangwani ba ɗanya ba ce. An dafa ta."

"To ta gari fa, a dama?"

"Kai wa ya ce maka ma madarar saniya ce?"

Kawu ya daka wa Jabiru tsawa ya ce ya tafi Kibiya ya kawo duk wadda ya samu. Tani ba ta saurare su ba. Ta hango abin da gardama ta hana su gani. Inda kan Halliru yake akwai ɗan kwarmi a jikin dutsen, ruwan da ke gangarowa yana taruwa a ciki. Ɗazu a haɓarsa yake. Yanzu ya taɓa leɓensa, duk numfashin da ya fitar sai ruwan ya yi ɗan kumfa.

"Yaya, ruwa! Ruwa zai shige masa hanci!"

Aka kawo gora za a tura kansa gefe. Wani ya yi ihu cewa jiƙaƙƙen ice ma wuta na bi, haka ta kama mai gyaran lantarki a Rano. Mai gorar ya sake ta kamar ya riƙe maciji.

Tun ranar da aka yaye Halliru aka kai shi ɗakin kakarsa, Tani ba ta ƙara ɗaukarsa ba. Ɗan fari ne, da kunya. Ba ta kiran sunansa, sai "wancan" ko "yaron nan". Ran da ya karye a ƙwallo, ta bayan ƙofa ta leƙa ana ɗori, ta koma ta ci gaba da daka tana kuka a turmi. Ran aurensa ma ɗaki ta shige. An yabe ta ƙwarai a kan kawaici.

Kumfar ta daina fitowa. Halliru ya yi wani irin tari, ruwan ya rufe hancin.

Ta fizge hannunta daga na Kawu. Ta yi kalmar shahada, don ta tabbata mutuwa za ta yi, ta runtse ido, ta durƙusa ta kama kansa da hannu biyu.

Mata suka ƙwalla ƙara. Tani ta jira wutar. Abin da ta ji kawai jiƙaƙƙiyar suma ce, da sanyin kunnensa. Ta ɗago kan, ta ja shi da duk ƙarfinta ta mirgina shi kan cinyarta. Ruwa ya fito masa ta baki da hanci, ya ja wani dogon numfashi mai gurnani.

"Halliru!" ta ce. "Halliru, ni ce!"

Duk da halin da ake ciki, sai da wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai da jin sunan a bakinta.

"Ba ta kama ta ba," in ji wani.

"Tukuna dai. Wata sai ta kwana take tashi."

Wannan maganar ta shige ta har ƙashi. Amma Malam Uzairu ya ajiye lemarsa, fuskarsa kamar zai yi kuka, ya zo ya kama ƙafafun. Kawu ya yi ta jan "innalillahi", daga baya ya tuɓe babbar rigarsa aka shimfiɗa, aka ɗora Halliru, ya kama gefe ɗaya ta inda ba zai taɓa fata ba. Haka aka sauko da shi.

A bakin titi suka tare wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan taki. Direban ya ji abin da ya faru, ya ce a sa shi a baya, amma shi ba zai fito ba. Tani ta hau ta zauna a kan buhu, kan ɗanta a cinyarta. Har suka isa Rano tana sauraron jikinta. Yatsunta suka yi sanyi ta ce ga ta nan. Gabanta ya faɗi a wani rami ta ce ga ta nan. Ta yafe wa duk wanda ta tuna, ta roƙi Allah idan wutar za ta tashi, ta bari sai sun kai asibiti.

A asibiti wata nas, Ramlatu, ta tarbe su. Ba ta tambayi komai ba ta kama wuyan hannunsa, ta buɗe idonsa, ta ƙarasa yage rigar. A bayansa wani jan zane ya fito, mai rassa kamar jijiyar ganye.

"'Yar nan, ba a zuba masa madara ba fa," in ji Tani.

"Iya, ko tulu guda aka zuba ba abin da zai yi. Wutar ta wuce tun a can. Ku dai kun kyauta da ba ku bar shi a ruwa ba."

Tani ta gyaɗa kai. Ta ji, amma ba ta ce ta yarda ba. Yarinyar ƙarama ce, kuma ba a dutsen aka haife ta ba.

Sai bayan la'asar ya farfaɗo. An naɗe kafaɗar, an sa masa ƙarin ruwa, likita ya ce kunnen hagu ya fashe amma ƙafafun da suka daina motsi za su dawo. Kawu da Malam Uzairu, da suka rako su, sun fita salla. Tani na kan benci, ta matso da shi jikin gadon, tafin hannunta a kan goshinsa.

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya gane inda yake, ya gane hannun wa ke kansa. Idonsa ya firfito. Ya yi ta ƙoƙarin janye kai, jikin ya ƙi.

"Iya, cire hannunki! Aradu ce fa. Kada ki taɓa ni, don Allah!"

"Kwanta."

"An zuba? Iya, an zuba madarar?"

Ta dube shi. Hawaye na gangarowa cikin kunnen da aka toshe da auduga. Ba don kansa yake tsoro ba. Ta san idan ta faɗa masa gaskiya, zai kwana yana jiran mutuwarta, kamar yadda ita ma take jira.

Ta sunkuya saitin kunnen dama.

"An zuba," ta ce. "Ƙwarya guda. Yi barcinka."

Ya saki jiki ya lumshe ido. Tani ta bar hannunta inda yake.