Huɗu Saura Kwata

Kwana goma sha tara ke nan da teku ta riƙe Apisai da kwalekwalensa. Masu nema sun haƙura, dangi sun tsai da ranar makoki, amma matarsa Litiana ba ta yarda wayarta ta mutu ba, ko Allah zai sa ya kira. Kullum da hantsi takan kai ta caji wurin Vilimoni, ɗan kawunta kuma abokin wasanta, mai farantin sola ɗaya tilo a tsibirin.

Tun da wayar ta sabunta manhajarta da kanta, mako guda bayan ɓatansa, halinta ya sauya. Ta yi nauyi, haskenta ya dushe, caji kuma yakan tsaya cak a tamanin cikin ɗari.

"Har wayar ta ɗauko rowarki," in ji Vilimoni. "Sabon tsarin ne. Tana lura da lokacin da aka fi aiki da ita, sai ta yi ta tattalin wuta dominsa."

"Ji masani, mai kan kwakwa! To wane lokaci ta lura?"

Ya duba. "Huɗu saura kwata."

Lokacin ne Apisai kan kira Litiana idan ya juyo gida, ya ce ta ɗora rogo. Amma tun ɓatansa, a wannan sa'ar tana majami'a wajen addu'ar mata, wayar kuwa tana cikin kwando a bakin ƙofa tare da na kowa.

Vilimoni ya buɗe shafin batir. Kowace rana, daidai lokacin, wutar takan zube: kira, minti arba'in. Jerin kira kuwa wayam. Dariyarsa ta ɗauke.

"Bari in kashe tsarin, 'yar'uwa. Batirin har ya soma kumbura. A haka ba zai kai Lahadi ba."

Ta karɓe abarta kafin ya kashe, ta tafi gida.

Da yamma aka buga gangar majami'a, ba ta fita ba. Ta zauna a tabarma, ta yi addu'arta a hankali, wayar na tafin hannunta. Huɗu saura kwata ta yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Ɗumi kawai ta ɗauka, tamanin ta koma saba'in da tara.

Litiana ta kai ta kunne. Ruwa ne yake dukan katako, sai kuma numfashi, dogo, irin na wanda ya daɗe yana magana shi kaɗai.

"Na ɗora rogon," ta ce.