Hatimin Tsuneko

Ranar da aka kawo Tsuneko Hirayama gidan kula da tsofaffi, abu ɗaya ta roƙa, aka kuma rubuta shi a takardar tsarin kula da ita: kada a sa mata ƙunzugu. In fitsari ya matse ta za ta danna ƙararrawa, a riƙe hannunta zuwa banɗaki. Shekararta tamanin da bakwai, ƙafa ta yi nauyi, amma kai garau yake. Da hannunta ta buga hatiminta, wanda a ƙasarsu shi ne sa hannu, a ƙasan takardar, sannan ta ba ɗanta Norio ajiyar hatimin.

Wata shida ana haka, sai ta zame a bakin banɗaki, gwiwa ta ɗan kumbura. Ita ko a jikinta.

Ran Litinin da hantsi ta danna ƙararrawa, sai ga Makino, ma'aikaciyar da ta saba raka ta, da ƙunzugu a hannu, tana ta sunkuyar da kai. Tsuneko ta ce ai ta yi ɓatan ɗaki. Makino ta ce an sabunta tsarin ne, ta ɗauko mata takardar. Ga jan hatiminta nan raɗau, a karkace, yadda Norio yake buga komai tun yana ɗan makaranta. Ashe kura ta ba ajiyar nama.

Abin ya ƙona mata rai matuƙa. Wannan yaron fa, yana shekara ɗaya ta raba shi da ƙunzugu. Sau goma a yini take ɗaga shi a bakin baranda ya yi fitsari, da sanyi da zafi, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ran Lahadi Norio ya zo da ganyen shayin garinsu, wanda a da ba ta iya yini ba ta sha ba. Ya haɗa, ya miƙa mata.

"Mama, tsoro nake ki sake faɗuwa. Don ke na yi."

"Da ka tambaye ni."

"Na san abin da za ki ce."

"Shi ya sa ba ka tambaya ba."

Ya matso mata da kofin, ta ture shi da bayan hannu. Ta ce tun Litinin ta rage shan komai, don abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Sai a lokacin Norio ya lura da leɓenta a bushe, duk ya tsattsage. Ta juya fuska bango, ta ce ya ajiye mata hatiminta a kan tebur kafin ya tafi.