Duwatsu Tara da Ƙafar Baba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin ta fito. Sau biyu ina yaga takardar. Amma Baba ya ce in ban rubuta ba shi zai ba da labarin, na kuwa san gishirin da zai zuba.

Baba kafinta ne. Wata rana katako ya zame daga kan benci ya tsaga masa ƙwaurin hagu, aka yi ɗinki. Mako biyar ciwon ya ƙi haɗewa. Likita ya ce in aka ƙara mako uku bai rufe ba, za a kwantar da shi a yanko fata daga cinyarsa a liƙa a wurin. Daga ranar Baba ya daina raha, mutumin da ko kajin maƙwabta bai bari ba wajen zolaya.

Gwaggo, yayarsa, ta dawo gidanmu jinya. Tana ajiye jaka ta kafa doka: ba ƙwai, ba wake, ba kifi, ba nama, ba madara.

"Su ke sa ciwo ya yi ruwa," in ji ta.

Farar shinkafa, shayi da burodi, kullum. Don ƙauna ta yi, da kanta take fifita masa shayin. Wa zai ja da Gwaggo?

Ranar wankin ciwo ni na raka shi asibiti. Nas ta kwance bandejin, ta daɗe tana kallo.

"Baba, me kake ci?"

"Komai, 'yata. Abin da aka ba ni."

Na kalli ƙasa, na ce, "Shinkafa ce kawai da shayi."

Baba ya juyo. "Ikon Allah. Ashe rediyon namu yana kama tasha."

Nas ta yi dariya, ta sa na lissafa mata dokar Gwaggo. Sai ta kama hannuna tana duba awarwaron duwatsun ado da ke ciki. Ta tambaya ko ni na shirya, na ce sana'ata ce.

"In kina jerawa jan dutse ya ƙare, me kike yi?"

"Tsayawa nake."

"To jiki ma haka yake. Duwatsunsa sunansu amino asid, kala ashirin. Su yake jerawa ya yi tsoka da fata da gashi da farce, da abin da ke narkar da abinci, da sojojin da ke yaƙar cuta. Sha ɗaya yana ƙera abinsa. Tara kuwa sai an kawo masa cikin abinci. Shinkafa tana da su, amma ɗaya ya yi mata ƙaranci, wake ke cike mata. Ƙwai da kifi da madara suna da duka taran a wadace. Kun ba maɗinki aiki kun ɓoye masa zare."

Muna hanya Baba ya ce, "Auta, ke za ki gaya wa Gwaggonki. Ni tun ina yaro take dukana."

Da la'asar na zauna a tsakar gida da faranti da zare. Na kwashe jajayen duwatsu na ɗaure a bakin zane, na fara jeri: fari, shuɗi, ja, fari, shuɗi, ja. Sai na miƙa wa Gwaggo na ce ta taya ni. Ta saka tabarau, ta zura fari, ta zura shuɗi, ta hau birkita farantin.

"Ke, ina jan?"

"Babu, Gwaggo."

"To da me zan ci gaba? Da haƙorina?"

"Haka ƙafar Baba take tambaya."

Na faɗa mata duk abin da nas ta ce. Na ma manta sunan duwatsun, sai Baba ya jefo shi daga ɗaki. Gwaggo ta cire tabarau ta dube ni har na fara neman hanyar gudu. Sai ta fashe da dariya.

"Shiru-shiru ba tsoro ba ne. Ji 'yar nan ta ɗana mini tarko kamar ɓera." Ta ɗaga murya. "Kai kuma ragon maza, ka turo yarinya. Ƙwai nawa za ka iya ci?"

"Kawo kazar ma, Yaya."

Ta yarda, amma da sharaɗi: in ciwon ya yi ruwa, ni da nas za mu san ta. Ita ta riƙa dafawa. Wake da shinkafa da rana, kifi da yamma, madara a shayi. Kowace safiya sai ta leƙa gefen bandejin tana jiran ta kama mu. A mako na biyu ta daina leƙe.

Da mako uku suka cika, mu uku muka je. Likita ya duba, ya danna gefen da yatsa. Sabuwar fata ta rufe wurin, ja-ja, sumul.

"Ba sai an taɓa cinyar ba," ya ce.

Baba ya miƙe ya taka rawa da ƙafa ɗaya a gaban masu jiran layi. Gwaggo ta ce wa likita, "Ai ni na yi jinyar." Ba wanda ya musa.

Washegari da safe na durƙusa na zaro takalminsa na hagu daga ƙarƙashin gado. Gizo-gizo har ya yi gida a ciki. Na kakkaɓe, na goge shi da mai, na ajiye kusa da ɗan'uwansa a bakin ƙofa.